Sabulun Cikin Likkafani

Ni ce nake wanke matan unguwarmu a Filinge idan kwanansu ya ƙare. Daga gwaggona na gaji aikin, kuma ba aiki ne da ake rububinsa ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, tun da ransu mata suke kawo mini sharuɗɗa. Wata ta ce kada in bar wance ta leƙo ɗakin, wata ta ce in tsefe mata kai a hankali don ba ta son jan gashi, wata ta ce ruwan kada ya cika sanyi. Kowacce ina ce mata to. Har yau babu wadda ta dawo ta ce na saɓa alkawari.

Delu ce kaɗai ta haɗa nata sabulun da hannunta, ita da ko sabulun salo ba ta taɓa dafawa ba.

Taubashiyata ce. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna tallar gyaɗa nake gaya mata abin da wani ba zai iya ba, ita kuma tana kirana baiwarta. Doguwar mace ce marar yawan magana, irin wadda in ta yi dariya sai an kai labari maƙwabta. Ɗanta na fari shi ne Sahabi, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu cikin waɗanda ta haifa. To a ƙasarmu ta Kurfai mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sauran mata suna riƙe wannan kunya sama-sama, in babu kowa su ɗan saki. Delu ta riƙe ta kamar farilla. “Yaron can” take ce masa har ya yi gemu. Ko sahabban Annabi ta tashi ambata, “abokan Manzo” take cewa.

Sahabi ya yi karatu ya zama mushe, wato malamin boko, yana koyar da yara a wata lakkwal, makarantar gwamnati, cikin gari. Zamanin soja ne, lokacin da mutum yake duba bayansa kafin ya ce rana ta yi zafi. Wata rana aka ce wani babba zai wuce daga Yamai zuwa Abala, a jera yara a bakin hanya su yi masa tafi. Aka jera su tun hantsi. Azahar ta wuce, babu babba, babu ƙurar motarsa. Da wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi, Sahabi ya ce da ajinsa su je gida su sha ruwa su dawo. Suna can suna shan ruwa motoci suka iso. Abin da babban ya tarar a gaban lakkwal shi ne ’yan tutoci jingine da bango, da jakin wani mai itace. Jakin bai yi tafi ba.

Ba a daɗe ba wani abokinsa mai kaki ya raɗa masa a ƙofar masallaci cewa ana tambayar sunansa. Sahabi ya zo gida, ya tsuguna daga bakin ƙofar ɗakin uwarsa, ya ce, “Inna, za ni tahiya.” Delu tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ta dubi rariya ta ce, “Allah shi kiyaye masu tahiya.” Ya fita a motar Mamman direba, a tsakiyar buhunan wake. Ina wurin, kuma na ga yadda ta ci gaba da tankaɗe rariyar da babu gari a cikinta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ba ta kawo ruwa ba, aka sha yunwa aka fita. Delu ba ta taɓa tambayar kowa ina yake ba.

Sai wata ranar Lahadi, kasuwa na ci, Mamman ya yi sallama ya shigo da buhu a kafaɗa. Shi ne yake kai wake da albasa har bakin teku ya dawo da abin da ya samu. Ya dire buhun a tsakar gida, wasu ƙwallaye masu gashi suka gangaro.

“Saƙo na, Inna,” ya ce. “Kwakwa ta. Sahabi yac ce a kawo miki. Shina Kwatanu, shina karantar da ɗiyan ’yan kasuwa.”

Delu ta daɗe tana kallon buhun.

“Garin da kah hito,” ta ce, “mutanensu suna samun hatsi?”

“Rogo su ka ci, Inna, da masara.”

“Ba su rama?”

“Wanda nig gani dai bai rame ba.”

“To, madalla da su.”

Ban san abin da Sahabi ya tuna ya aiko wa uwarsa kwakwa ba, domin haƙoran da suka rage a bakin Delu ko ɗanyen tumatir sai sun yi shawara da shi. Ko da tana da haƙora ma, tsaraba ba ta zama a gida ɗaya, balle tsarabar ɗan fari. In ta riƙe, gobe a ce Delu ta nuna ƙwaɗayin abin ɗanta. Kafin la’asar ta raba wa unguwa, gida-gida. Ta bar ’yan kaɗan a ƙasan buhu, ta ce wai ɓawon take so ta yi ludayi.

Mamman yana shan furar da aka dama masa ya yi maganar da ta jawo mana komai. Ya ce kada a bar ta ta daɗe, tana lalacewa daga ciki. Ya ce can bakin teku mata har sabulu suke yi da madararta, fari tas, ya shekara bai yi komai ba. Delu ta tambayi ƙasa ko yaya ake yi. Mamman direba ne, direba kuwa bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ce a goge, a matse, a zuba soda irin ta masu rini, a zuba mai, a dafa. Ya ce da idonsa ya gani. Daga baya muka gane ta tagar mota ya gani.

Washegari sai ga Delu a gidana, ita da ba ta yawo.

“Kubura, da mi ki ka wanke mutane?”

“Da sabulu da ganyen magarya, sai kahur in an samu. Kin shirya na?”

“Wane sabulu?”

“Wanda masu gawa sunka ba ni.”

“Ni nawa za ni yi,” ta ce, ta gyara mayafi.

Nan take na gane, kuma abin ya tsaya mini a zuciya. Delu ta riga ta yanke wa kanta cewa ɗanta ba zai riƙe makararta ba. Soja ba su da ranar tafiya, ita kuwa tana ganin tata ta matso. So take wani abu da ya ratsa hannunsa ya taɓa jikinta a wannan rana. Bakinta ba zai iya faɗa ba, ni kuma ban matsa mata ba. Na dai ce mata kada ta sa rai zan yi mata aikin kyauta, domin doguwar mace tana cin ruwa.

Muka fasa kwakwar da taɓarya. Muka huhhuda murfin gwangwani da ƙusa muka yi magogi, muka goge ta tare da ɗan abin da ya samu na fatar yatsunmu. Muka matse a tsumma mai tsabta, madara ta fito fara, da ƙamshin da ban taɓa ji ba. Delu ta ɗauko tukunyarta ta dalma, wadda take ji da ita, ta juye madarar, ta ɗora a murhu tun da Mamman ya ce a dafa. Sannan ta kwance ƙullin sodar da ta aika aka sayo, ta zazzage duka lokaci ɗaya, yadda ake zuba gishiri a ruwan tuwon biki.

Madarar ta koma rawaya. Daga nan ta koma ja, sannan ta ɗauki wani launi da ba ni da sunansa. Wari ya tashi irin na turken awaki da damina. Tukunyar ta fara huci tana kumfa tana baƙi, kaji suka tattara ’ya’yansu suka bar gidan.

“Halan haka ya ka hwarawa,” in ji Delu.

“Haka ya ka ƙarewa,” na ce, ina toshe hanci.

Ban rufe baki ba gindin tukunyar ya ɓule, abin ya tsiyaye ya kashe wutar. Muka tsaya muna kallon toka. Duk kwakwar da ta ɓoye tana cikin wannan tokar. Delu ba ta yi maganar tukunya ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki buhun ta zazzage, babu abin da ya faɗo sai gashi. Ta ninke shi ta zauna a kai. Tun muna yara ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

Sauran kwakwar tana gidajen mutane. Kyauta kuwa ba ta komawa gidan da ta fito, kuma Delu ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta je ta ce a maido mata abin ɗanta. Amma ai don irin wannan rana Allah ya yi taubashi, wanda ba shi da fuskar da za ta zube. Na ɗaura zanena na shiga unguwa.

Wasu sun cinye tasu, Allah ya sa ta zame musu lafiya. Amma yawanci ba su san ta inda ake shiga ba. Maƙwabciyarmu Dijatu ta jera tata a saman kwanonin ɗakinta, baƙi suna zuwa kallo. Na ce mata tana kiran kunama, ta miƙo mini da sauri. Wani gida na tarar yara sun yi mata idanu da gawayi sun goya ta. Malam Isufu, limamin unguwa, ya binne tasa a bayan masallaci yana ba ta ruwan alwala, yana sa ran inuwa. Na jira ya shiga sallah na tone ta. Ya ci gaba da ban ruwa har kaka, daga baya ya ce ƙasar Kurfai ce ba ta karɓe ta ba.

Wannan karon na ja Delu muka je wurin Haske, mai rini da sayar da soda a bakin kasuwa. Ta taɓa zama a Lome da mijinta, kuma ita a tsaye ta ga ana yi. Da ta ji abin da muka aikata sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce soda da dalma ba su haɗuwa, sai roba ko tukunyar ƙasa. Ta ce ba a ɗora shi a wuta, soda da wutarta take zuwa. Ta ce madarar sai ta yi sanyi ƙarara, a riƙa zuba soda kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ta ƙone ta. Ta tambayi yawan man da muke da shi, ta auna sodar da gwangwanin tumatir, ta share bakinsa da yatsa.

“Wanga shi na daidai,” ta ce. “Kar ki ƙara, kar ki rage.”

Ta juye a leda. Sannan hannunta ya koma cikin buhu da kansa, ya ɗebo ya ƙara a kai. Ba laifinta ba ne. Tun tana yarinya take sayarwa, kuma a kasuwar Filinge wadda ta auna maka abu ba ta yi maka gyara ba, ko gaisuwarta ba a amsawa da kyau. Ina jin ba ta ma san ta yi ba.

A hanya na ce wa Delu mu rage abin da aka ƙara.

“Gyara albarka ta,” ta ce. “Wa ka zubda albarka?”

“Ba gero na ba, Delu.”

“Ke ɗebe mini wanda ag gyara, ki bar wanda anka auna.”

Na dubi ledar, duk fari ne iri ɗaya. Na ce a raina wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Muka sayo ƙanƙara wurin mai kantin da ke da firji na kananzir, muka dasa robar madara a cikinta har ta fara daskarewa. Delu ta naɗe hannu da tsumma tana zuba soda da cokalin katako, ni ina juyawa, muna kau da fuska kamar masu gaba da juna. Madarar ta yi ɗan rawaya ta tsaya a nan. Muka zuba man gyaɗa da narkakken kitse. Haske ta ce a juya gefe ɗaya har sai in an ɗaga muciya abin da ya ɗiga ya bar sawu a kai. Ba ta ce mana sawun yana zuwa da jinkiri ba. Na juya har kafaɗata ta mutu, Delu ta karɓa, na sake karɓa, inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Na zagi Mamman, na zagi teku da mutanensa, na ce da Sahabi goro ya aiko kamar kowane ɗa mai hankali da yanzu muna zaune. Delu ta ci gaba da juyi. Can ta ɗaga muciya, wani siririn layi ya kwanta a kai bai nutse ba.

“Ya yi,” ta ce. Sai ta yi tari.

Muka juye a wani akwatin katako da muka shimfiɗa wa leda. Da ya daskare ta yanka shi fale-fale, ta jera a tabarma cikin inuwar rumfa, domin Haske ta ce sai ya sha iska kamar wata guda. Fari-fari, mai kusurwa huɗu, duk wanda ya gani zai rantse cuku ne irin wanda matan Bankuku suke kawowa kasuwa. Ana haka Mamman ya dawo daga tafiya ya shigo gaisuwa. Matafiyi ba ya neman izini wurin cuku. Kafin mu yi magana ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Ya tsaya cak. Ya ajiye sauran a inda ya ɗauka, ya nufi randa, ya daɗe a can. Tun daga ranar, in an tambaye shi yadda ake sabulu sai ya ce shi direba ne.

Da wata ya cika na gwada da hannuna. Kumfa kam yana yi, ba a magana. Amma kafin in ɗauraye, hannun ya ɗauki zafi kamar na yanka barkono, washegari fata ta fara saɓulewa.

“Delu, sabulun ga hiɗa ya ka yi, ba wanka ba.”

“Gawa ba ta ƙorahi,” ta ce.

“Ni da hannuna hwa?”

“Ke baiwa ta. Ki yi haƙuri.”

Ta zaɓi wanda ya fi kyawun yanka, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta sa shi a tsakiyar likkafaninta tare da kafur, ta rufe a adaka ta ɗaure makullin a bakin zane. Sauran muka ƙarar a gindin tukwane da kaskar awaki, kuma a nan babu wanda ya kushe shi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Duk dawowar Mamman sai Delu ta tambaye shi ko mutanen bakin teku suna lafiya, shi kuma ya ce wanda ya gani dai lafiya lau, har ya yi aure, har an samu ƙaruwa. Ta ce madalla da su. Sannan soja suka sassauta, aka yi babban taro a Yamai, rediyo ta cika da magana. Mutanen da ko tari ba sa yi a gaban mai kaki suka koma suna ba gwamnati shawara a teburin mai shayi. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sahabi bai zo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Delu ta kwanta ciwo, aka kira ni, na je da ganyen magaryata na tarar tana shan fura. Aka sake kirana wata damina, na tarar tana faɗa da jikar maƙwabta a kan tsintsiya. Na ce mata in ba ta shirya ba ta daina ɓata mini takalmi. Amma kowane ciwo yana tafiya da wani abu nata, kuma dukanmu mun sani.

Ranar da ya zo ma Lahadi ce, bayan azahar. Ina gidan, Delu tana zaune a kujera ’yar tsugunno tana ɓare wake. Aka yi sallama, wani mutum ya shigo bayan Mamman, jar ƙasar hanya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, da furfura a gemu. Sai da ya tsuguna daga nesa, kusa da randa, a daidai inda yake tsugunawa tun yana yaro, sannan na gane shi.

“Inna, na iso.”

Delu ta juya kujerarta kaɗan ta fuskanci bango.

“Kubura, ki ce ma baƙon ga sannu da hanya.”

“Ya ji,” na ce. “Ba kurma na ba.”

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Aka yi ta barka, aka yi ta gaisuwar fofo, Malam Isufu ya yi addu’a ya kuma ba shi labarin kwakwar da ƙasa ta ƙi karɓa. Delu tana ɓare wake, tana zuba ɓawon a ƙwaryar tsaba, tsabar a ƙasa. Da mutane suka ragu ta kira ni ɗaki, ta kwance makulli daga bakin zane.

“Ɗauko sabulun. Ki kai ma baƙon ruwa makewayi, ya sha ƙura.”

“Wane sabulu?”

“Guda nawa gare ni?”

“Delu, kin san abin da shi ka yi ma mai rai. Kuma ke da mi za ni wanke ki?”

“Magarya ta ƙare a Kurhwai?” ta ce. Ta dubi ƙofa, ta rage murya. “Don babu mai ɗaukar makarata niy aje shi. Yanzu akwai.”

Ta fita ta bar ni da adaka. Na warware likkafanin na ciro shi. Ya tsuke, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da wani farin gari a bayansa. Ban yarda in miƙa wa ɗan mutane abin da zai fiɗe shi ranar dawowarsa ba, sai na jiƙa yatsa na goga, na ɗora a harshe, na jira. Shiru. Na wanke hannu da shi har gwiwar hannu, na shafa a fuska, har na bar kumfar ta taɓa mini ido. Babu komai. Shekarun da ya yi a adaka sun cinye zafin kaf, ya yi laushi, ko jinjiri aka yi wa wanka da shi ba zai motsa ba. Ban gaya wa Delu ba.

Na kai bokiti makewayi, na kira Sahabi, na tare shi a bakin zana.

“Ka san mi na wanga?”

“Sabulu na, Inna Kubura.”

“Kwakwarka ta, wadda ka ba Mamman. Uwarka tay yi shi da hannunta, tukunya guda ta mutu bisa shi. Tun shekarar nan shina cikin likkahwaninta, don ta ɗauka ba ka zuwa, tana so abin hannunka shi taɓa ta ranar da za ni wanke ta. Ita ba ta hwaɗi har ta mutu. Ni kau ba a haihe ni da kunya ba.”

Ya karɓa da hannu biyu ya shiga.

Ya daɗe. Ƙarar ruwa ta tsaya, bai fito ba. Na koma kusa da Delu na zauna ina tsince waken da ta zubar a ƙasa. Can sai ga shi, ƙura ta fita, idanu sun yi jajur. Ya koma wurinsa kusa da randa ya tsuguna.

“Sabulun ga shina da zahi,” ya ce, ba wanda ya tambaye shi. “Ya shigam mini ido.”

Delu tana fuskantar bango. Na ga ta kai bakin mayafi fuska, ta goge, ta sake gogewa.

“Gyaran Haske na,” ta ce wa bangon. “Ko daga nesa shina kama ido.”

Ni Kubura ban taɓa barin ƙarya ta wuce ta gabana da ƙafafunta ba, duk unguwa ta shaida. Ga ɗanɗanon sabulun ma bai bar harshena ba. Na dubi wannan, na dubi waccan.

“Na hwaɗa miki tun ranar,” na ce. “Ba ki jin magana.”

Sahabi ya ɗauko iyalinsa, ya samu aji a Tabla, duk ranar hutu yana gida. Delu ta ƙara ganin damina ba ɗaya ba. Jikokinta tana kiran sunansu tun safe har mutum ya gaji da ji, ubansu kuwa “yaron can” ya ci gaba da zama. Wata safiya bayan girbi aka aiko kirana, kuma wannan karon ban tarar da fura ba. Na zo da ganyen magaryata. A bakin ƙofar ɗaki Sahabi ya tsayar da ni, ya ciro wani farin ƙyalle daga aljihu ya warware, sai ga sabulun. Sau ɗaya ya yi wanka da shi, ashe, ya ajiye sauran. Da hannunsa ya sa shi a nawa.

Ya yi kumfa sosai. Delu ba ta yi ƙorafi ba, kamar yadda ta alkawarta. Ni ce dai ya shigar mini ido.